Tambayoyi Uku Ga Surukina

Shekara ashirin da biyu ina tare da 'yarsa, amma maganar da ta taɓa shiga tsakanina da surukina ba ta wuce gaisuwa ba. In na hango shi tafe sai in ratse gefen hanya, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Shi kuma ya amsa yana kallon wani wajen, ya wuce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In wata buƙata ta taso yayana nake turawa, shi ma ƙaninsa yake turo mini. Haka muka taso muka tarar a ƙauyenmu da ke ƙasar Sandamu, kuma abin bai taɓa yi mini nauyi ba sai shekarar da aka tuhume ni da sata.

Matata tana da injin markaɗe a cikin gida. Ana tsakiyar noman rani ya tsaya. Na kwance kan injin, na cusa shi a buhu, na ɗaure a bayan babur. Ana idar da sallar asuba na kama hanyar Daura, wurin wani Ibo mai sayar da kayan inji, wanda kuma yake gyara. Hanyar ta ƙofar gidan surukina ta bi. Yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Na kashe babur daga nesa, na jingine shi a gindin darbejiya, na je na gaishe shi. Daga nan na tura babur ɗin da hannu har na wuce gidan, sannan na hau.

Da na dawo da la'asar sai na tarar gari ya ɗauka: an sace injin ban-ruwa a lambun maƙwabcina na fadama. Ni da mutumin nan mun taɓa samun saɓani a kan hanyar ruwa, har na faɗa masa magana mai zafi a gaban mutane. Mai unguwa ya tara jama'a ya tambaya ko akwai wanda ya ga wani ya bi hanya da sassafe. Ba na wurin, yayana ne ya ba ni labari. Ya ce surukina ya yi gyaran murya ya ce, "Mijin yarinyar nan ya wuce da inji."

Mai lambu ya ce, "Ka gani da idonka, Baba?"

Ya ce, "Na gani."

"Na ban-ruwa ne?"

Ya ce, "Shi ne."

Ga abin da mai lambu bai sani ba. Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe wa surukina gani. Duk 'yan gidansa sun sani, ni ma na sani ta bakin matata, amma babu wanda ya taɓa furtawa a gabansa. Sai dai a lallaɓa a kawar masa da turmi ko buta daga hanya kafin ya iso. Mutum ne mai jin kansa, wanda bai taɓa yarda a riƙe masa hannu ba. An tambaye shi a cikin taro ko ya gani, ba zai iya cewa ba ya gani ba. Bai yi don ya cuce ni ba. Na san haka tun ranar, kuma sanin bai rage mini komai ba.

Mai lambu ya kai magana wurin 'yan sanda. Na gaya musu gaskiyata. Muka je shagon Ibon nan tare da ɗaya daga cikinsu, muka tarar da kwaɗo biyu a ƙofa. Ya tafi garinsu bikin Kirsimeti, kan injin matata kuma yana kulle a ciki. Na nuna musu injin markaɗen a gida babu kai, suka ce kowa ma zai iya kwance kan inji ya ɓoye. Kwana biyu na yi a hannunsu kafin yayana ya karɓi belina, aka ce mu haɗu a kotun majistare.

Ranar farko mun isa da wuri, muka zauna a benci muna jiran a kira mu. Shari'ar da ake yi ta wasu shanu ce. An tsayar da wani dattijo yana ba da shaida, wani lauya kuma ya tashi yana yi masa tambayoyi. Abu guda ya tambaye shi har sau biyar, kowane karo ta wata fuska. Dattijon ya rikice, ya ce Talata, ya koma ya ce Laraba. Lauyan ya nuna shi da biro ya ce, "Ina gaya maka, tsoho, ƙarya kake yi wa kotu!" Wasu suka yi dariya. Na ga gemun mutumin yana rawa. Sa'an mahaifina ne. Ni dai ban ga kowa a cikin akwatin ba da shaidar nan ba sai surukina.

Da aka tafi hutu wata lauya ta same ni a baranda. Matashiya ce, daga cikin waɗanda suke tsaya wa marasa hali kyauta. Ta zauna kusa da ni ta saurari labarina har ƙarshe ba ta katse ni ba. Da na zo kan maganar ido sai fuskarta ta washe.

Ta ce, "Ka ce ba ya gani sosai? Malam, ai shari'arka mai sauƙi ce. Zan tsaya daga can in ɗaga yatsu in ce ya ƙirga. Shi ke nan."

Na ce, "A gaban mutanen nan?"

"To a ina? Nan ce kotu."

"Mahaifin matata ne."

"Na ji. Amma sata fa ake tuhumarka da ita. Ka san gidan yari?"

Na ce, "Na kwana biyu a wurin 'yan sanda."

Ta ce, "Wancan ai zaure ne, ba ka shiga cikin gidan ba."

Na gode mata, na ce a bar ni in yi da kaina. Ta dube ni ta daɗe, ta rubuta mini inda ofishinsu yake a 'yar takarda, ta ce ƙofa a buɗe take.

Alƙalin mutum ne mai furfura kaɗan da tabarau. Aka karanta mini tuhuma, na ce ban aikata ba. Ya tambaye ni ina lauyana. Na ce ni zan kare kaina. Ya tambaya ko rashin abin hannu ne, don akwai masu yi kyauta. Na ce a'a, ra'ayina ne.

Ya ce, "Doka ta ba ka wannan dama, ba kuma zan ƙwace maka ita ba. Amma ka saurare ni da kyau. Kotu ba za ta zama lauyanka ba. Duk shaidan da aka kawo, kai za ka yi masa tambayoyi da bakinka. Ka fahimta?"

Na ce, "Na fahimta, ranka ya daɗe."

Sau uku yana maimaita mini, sau uku ina amsawa, sannan ya rubuta. Gaskiya ban fahimta ba. Abin da na ɗauka a raina shi ne, tunda tambayar a hannuna take, to babu wanda zai tambayi Baba ke nan. Na saba da zaman sulhu a ƙofar dagaci. A can in dattijo ya yi kuskure a magana babu mai gyara masa. Kowa ya sunkuyar da kai, dagaci ya ce an ji, sannan in ya zo yanke magana sai ya kewaye kuskuren a hankali kamar mai kewaye rami, ba tare da an kunyata kowa ba. Na ɗauka alƙali ma haka zai yi. Zai dubi tsohon, ya dube ni, ya gane.

A zama na biyu mai lambu ya fara ba da shaida. Shi kam ban ji nauyinsa ba. Na tambaye shi ko ya gan ni a lambunsa, ya ce a'a. Na tambaye shi ko an sami injinsa a gidana, ya ce a'a. Har na ɗan ji ƙarfin gwiwa. Sai aka kira surukina.

Ƙaninsa ne ya shigo gaba yana jan takalmi a kan siminti, shi kuma yana biye da ƙarar, kansa a ɗage, babbar rigarsa fara tas. Wanda bai sani ba ba zai taɓa ganewa ba. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tambaye shi, ya maimaita abin da ya faɗa a ƙofar mai unguwa. Ya gan ni, da inji, na ban-ruwa.

Alƙali ya ce, "Wanda ake tuhuma, kana da tambaya ga wannan shaida?"

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Katakon akwatin da nake tsaye a ciki ya rufe ni gaba ɗaya. Na ji alƙali yana cewa, "Ina wanda ake tuhumar ya shiga?" Kotu ta ɗauki dariya. Wani ɗan sanda ya leƙo ya ce in miƙe. Na miƙe, idona a ƙasa, na ce, "Babu tambaya, ranka ya daɗe."

Alƙalin ya ajiye biro ya cire tabarau. "Me ke tsakaninka da shi?"

"Surukina ne."

Ya ce, "Ni ma ina da suruki, na san abin da kake ji. Amma littafin nan da nake rubutu a ciki bai san kunya ba. Maganar da shaida ya faɗa, aka bar ta ba a taɓa ta ba, a wurina ta tsaya da ƙafarta. Ba ni da ikon rubuta abin da nake zato. Mutumin nan ya ce ya gan ka da kayan sata. In ka ce ba ka da tambaya, haka zan rubuta, kuma da shi zan yi hukunci."

A lokacin ne na gane ramin da na haƙa wa kaina. Ya ɗage zaman zuwa mako uku, ya ce shaida ya dawo. Ya ce da ni, "Ko ka zo da lauya, ko ka zo da tambayoyinka."

Makonni ukun nan ban taɓa ganin irinsu ba. Abinci ma ba na iya ci. In je lambuna in tsaya da fartanya a hannu, rana ta take ban yi komai ba, har tumatir ya fara faɗuwa yana ruɓewa a ƙasa. In na ji ƙarar mota a bakin gari sai gabana ya faɗi. A masallaci babu wanda ya canza mini fuska a fili, amma na lura mutum yakan ɗan jawo takalminsa kusa da shi in na shigo. Wataƙila ma idona ne kawai. Ina ta lissafin wanda zai riƙe mini gida in aka tafi da ni, da yadda za a riƙa kiran 'ya'yana mata biyu da suka isa aure.

Na tura yayana wurin ƙanin surukina, ko za a lallashi Baba ya gyara maganarsa da kansa. Amsar da ta dawo ita ce: Yaya ya riga ya yi magana a gaban hukuma, in ya janye yanzu ya zama maƙaryaci da bakinsa, kuma babu wanda zai iya tunkararsa da wannan.

Wayar Ibon nan kwana goma ina nema ba ta shiga. Ranar da ta shiga ina tsaye a bakin titi inda ake samun sabis. Na gaya masa halin da nake ciki.

Ya ce, "Kai, maigida! Kai da sata? Kai da ko fulogi na ba ka kyauta sai ka dawo ka tambaya ko mantawa na yi?"

Na ce ya taimaka ya dawo, ko ya aiko da makulli.

"Wallahi da zan iya da na zo gobe. Mamata ta rasu, kuma ka san mu ba kamar ku ba ne, ba a binnewa yau-yau. Sai dangi sun taru. Wata biyu, ko fi. Makulli kuma ba na ba kowa, ko ƙanina. Wane lauya ka ɗauka?"

"Ni nake kare kaina."

"Kai kake me? Maigida, injin markaɗe ba ka iya gyarawa da kanka ba, sai da ka kawo mini. Shari'a ce za ka gyara?"

Na yi masa ta'aziyya muka yi sallama. Maganarsa ta bi ni har gida. Washegari na ɗauki 'yar takardar nan na tafi Daura ofishin lauyar. Na tambaye ta ko za ta iya tsaya mini ba tare da ta taɓa maganar idon Baba ba. Ba ta yaudare ni ba. Ta ce, "Ba zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. In na tsaya maka, aikina in fitar da kai. In ya kafe a kan ya gani, sai na gwada idonsa." Na ce to na gode. Na fito na zauna a kan babur na fi rabin sa'a ban tayar ba.

Duk kwanakin nan matata ba ta ce mini komai a kan shari'ar ba. Mijinta a gefe guda, mahaifinta a ɗaya gefen. Ran nan da hantsi tana surfe a tsakar gida, ina zaune a bakin ɗaki, sai ta tsayar da taɓarya.

Ta ce, "Malam, kana ganin in ka yi shiru ka rufa masa asiri ke nan?"

Ba ta jira amsata ba ta ɗora.

"In aka ɗaure ka, shi ya ɗaure ka, kuma ya sani. Kana ganin zai ƙara shekara a duniya da wannan a ransa? Ni kuma in zauna a ina? A gidan wanda aka ɗaure, ko a gidan wanda ya ɗaure shi?"

Na ce, "To in tashi a gaban jama'a in ce mahaifinki makaho ne?"

Ta ce, "Wa ya ce ka faɗa? Kada kalmar ido ta fito daga bakinka. Baba ba ya ƙirƙirar ƙarya, rufewa kawai yake yi. Duk tambayar da aka yi masa, cewa ake ka gani, ka gani. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya sani. Ka tambaye shi abin da ya sani, ka bar shi da Allah."

Ta ci gaba da surfenta.

Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar a makarantar firamare. Na san in na tsaya a gaban Baba kaina zai ɗauke, don haka na yanke shawarar in rubuta tambayoyin. Kwana uku na yi a kansu a cikin rumfar lambu. Na rubuta sun kai goma, ina gogewa. Duk wadda na karanta na ji kamar ina ƙaryata shi sai in soke ta. Uku suka rage. Ta ukun ita ce take hana ni sukuni, domin amsarta biyu ce, kuma mutum zai iya cankar ɗaya. In ya canka daidai, na shiga uku. In ya canka ba daidai ba ma, maganata ce da tasa, kuma shi ne dattijo.

Ranar zama na uku ban karya ba. Aka shigo da shi kamar wancan karo. Alƙali ya tambaye ni ko na zo da lauya, na ce a'a, na zo da tambayoyi. Na buɗe littafina. Na ɗaga kai zan fara, na ga gefen fuskarsa, sai harshena ya ƙi motsi. Ban taɓa ce masa "kai" ba a rayuwata.

Na juya wajen alƙali na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman alfarma. A bar ni in faɗa wa kotu tambayar, kotu ta isar masa."

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ba wurin ɗaurin aure ba ne da za a nemi wakili."

Aka yi dariya. Alƙali bai yi ba. Ya ce, "Tambayar tasa ce, amsar ta shaida ce. Hanyar da ta bi ba ta cutar da kowa ba. Fuskance ni, ka karanta."

Na karanta ta farko. "A tambayi Baba, da na zo wucewa ran nan, me ya fara sanar da shi cewa ni ne."

Alƙali ya maimaita masa. Ya amsa nan take. "Babur ɗinsa. Duk garin shi kaɗai ne yake kashe babur tun daga nesa in zai wuce ƙofata."

Na karanta ta biyu. "A tambayi Baba, da na zo gaishe shi, a ina na bar babur ɗin."

"A gindin darbejiya, inda ya saba."

Alƙali ya tambaye shi nisan bishiyar daga inda yake zaune. Ya ce za ta kai taku talatin. Aka rubuta.

Na dubi ta uku. Haruffan suka riƙa haɗuwa da juna. Na ce, "A tambayi Baba, abin da yake bayan babur ɗin, a buɗe yake ko a rufe."

Alƙali ya maimaita. Baba bai amsa ba.

Ban san tsawon shirun nan ba. Ina jin fankar sama tana juyawa, ina jin wata mai talla a waje. Zufa ta bi ta bayana har cikin wando. Na ga yatsunsa suna lalube a bakin katakon akwatin. A raina ina cewa, ya Allah, kada ya canka. Sai kuma wata zuciyar ta ce, in bai canka ba me ya rage masa? Ni na kawo shi wannan wuri. Na kusa cewa na janye tambayar. Bakina har ya buɗe.

Sai ya ce, "Ban sani ba."

Alƙali ya ce, "Baba, ka gaya wa kotu ka gani."

Ya gyara tsayuwa. Muryarsa ba ta yi rawa ba. "Na ji ƙarar ƙarfe lokacin da yake tura babur ɗin, na kuma ji warin fetur. Na san inji ne. Amma idona, ranka ya daɗe, shekara uku ke nan ba na rarrabe mutum da kututture sai ya yi magana."

Babu wanda ya yi dariya. Ƙaninsa da ke zaune a benci ya rufe fuska da hannun riga.

Na ce, "Ba ni da sauran tambaya."

Mai gabatar da ƙara ya tashi, a hankali wannan karon, ya ce, "To Baba, wa ya gaya maka na ban-ruwa ne?"

"Babu. An tambaye ni a cikin taro, na ce shi ne. Allah ya yafe mini."

Mai gabatar da ƙara ya ce ba shi da sauran shaidu. Alƙali ya ce zai shiga ciki, a dawo bayan azahar. Na yi salla a masallacin bakin kotu, amma ban san abin da na karanta ba. Yayana ya sayo mini ruwa na kasa sha. Yana ta ce mini an gama, ni kuwa ina tunanin ko akwai wata doka da ban sani ba wadda za ta fito daga littafin nan, kamar yadda ta fito mini a wancan zama.

Da aka dawo alƙali ya yi karatu mai tsawo da Turanci, sannan ya faɗa da Hausa. Babu wanda ya gan ni a lambun, ba a sami injin a hannuna ba, shaida ɗaya da ya danganta ni da shi kuma ya ce bai gani ba. Ya ce babu abin da zan kare kaina a kai. Ya sallame ni.

Na ɗauka zan ji daɗi. Amma ban ji ba.

Da na fito sai na tarar da Baba tsaye shi kaɗai a bakin baranda. Ƙaninsa ya tafi neman mota, yayana kuma ya tsaya sa hannu a takardun beli. Mutane suna ta wucewa ta gefensa. Na tsaya a bayansa kaɗan, ban san ko in matsa ko in koma ba. Ya ɗan karkata kai, na san ya ji takuna. Bai juyo ba. Ya yi magana kamar da iska yake yi.

"Matakalar nan hawa nawa ce?"

Na ce, "Huɗu ce, Baba."

Ya tattare rigarsa ya sauka, yana laluben kowace da ƙafa. Ban miƙa masa hannu ba, shi ma bai nema ba. Motarsu daban, ni kuma na hau babur.

A gida matata tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ga na dawo da ƙafata, ta ce alhamdu lillahi. Sai ta ce, "Kai ka faɗa, ko shi?"

Na ce, "Shi ya faɗa."

Ta zauna a kan turmi. Can ta tashi ta ɗauki mayafinta, ta zuba tuwo a kwano ta rufe, ta nufi gidansu. Na zauna a zaure ina jira, duk wanda ya shigo yi mini barka ina amsawa ba tare da na san me nake cewa ba. Sai gab da magariba ta dawo, idonta ja. Na tashi tsaye.

Ta ce, "Ya ci kaɗan."